Ranar da Na Tsere wa Motar Surukina

Ko da ina so in manta, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a filin Dusuman da ke wajen garin Maiduguri ba, domin mutanen garin nan sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Har yanzu in na shiga keke a Hausari, wani lokaci sai in ga direban yana leƙo ni ta madubi, ya sake leƙowa, sannan ya gyara murya ya ce, "Malam, don Allah ba kai ne na jar motar nan ba?" Da farko musantawa nake yi, in ce ƙanena ne, muna kama sosai. Yanzu na gaji da ƙarya, shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina.

Ni malami ne, ina koyar da zanen injina a wata makarantar koyon sana'a. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Duk wani ƙarfe da ke cikin mota na san sunansa, kuma zan zana maka shi a allo ba tare da na duba littafi ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne kwance inji da hannuna. Duk da haka a ofishin malamai Injiniya ake kirana (ni na fara kiran kaina da sunan, amma wannan tsakanina da ku ne).

Surukina kuwa, Dokta Kyari, likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, yana zaune a wani tsohon gida mai itatuwan darbejiya a GRA. Mutum ne marar yawan magana. Shekara bakwai da na auri 'yarsa Yagana, abin da nake samu a wurinsa bai wuce gaisuwar Kanuri ta "Wushe, Malam" da "Ya yara?" ba. Ni kuma shiru yana damuna, don haka duk zuwan da muka yi sai in cika masa falo da bayani: yadda jirgin sama yake tashi, dalilin da ya sa wutar lantarki ba ta zama, da sauransu. Yakan saurara har in gama, ya ce, "To, madalla." Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin yabo.

A bayan gidan akwai wata mota lulluɓe da tamfol. Wata rana iska ta yaye gefensa, na ƙarasa na buɗe. Ja ce, 'yar Japan, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita, fitilunta na gaba a rufe kamar idon mai barci. Yagana ta taɓa gaya mini cewa mahaifinta ya zo da ita ne bayan ya gama karatu a waje, kuma a cikinta ya ɗauko mahaifiyarta ranar da aka kawo ta gidan. Tun da Allah ya yi wa Hajja rasuwa bai sake hawanta ba.

Da na ɗaga bonet sai murna ta kama ni. Injin ɗan ƙarami ne, bai fi tsohon akwatin talabijin ba. Rotari ne, irin wanda nake zana wa ɗalibai duk shekara amma ban taɓa gani da idona ba.

Bari in ɗan yi bayani (ku yi haƙuri, hali ne). Shi wannan inji ba shi da fistan mai hawa da sauka kamar na sauran motoci. Abin da ke cikinsa wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, kamar samosa mai ƙiba, yana juyawa a cikin wani gida mai siffar ɓawon gyaɗa. Yana juyawa yana zuƙar iska da mai ta wata ƙofa a jikin bangon, ya matse su, fulogi ya kunna, sannan ya tura hayaƙin ta wata ƙofar. Irin wannan ƙarfe biyu ne a motar. Shi ke nan.

Wannan bayanin da na yi muku a taƙaice, shi na tsaya na yi wa Dokta Kyari na tsawon rabin awa, a kan motarsa, a cikin gidansa, har da zane a ƙasa da tsinke. Ya tsaya riƙe da sandarsa yana kallona. Da na gama ya ce, "To, madalla. Tunda ka san ta haka, ɗauke ta ka kai wa Ishaya ya tayar da ita. Zama yana kashe ta."

Da a nan na tsaya, da babu labari.

A lokacin akwai wasu matasa da 'yan kasuwa da ke taruwa duk Asabar a wani busasshen fili a Dusuman suna tseren mota. Da sanin Bulama, wato mai unguwa, ake yi, 'yan sa-kai suna tsare wurin. Mota biyu ake jerawa, a miƙe ɗoɗar daga igiyar farawa zuwa wata babbar tsamiya. Rukuni biyu ne: masu turbo, wato motocin da ake ɗura wa iska da ƙarfi, da kuma waɗanda suke shaƙar iska da hancinsu. A rukuni na biyun babu wanda yake kama wani mai sayar da kayan gyaran mota da ake kira Babagana, mai wata baƙar motar Jamus. Na je kallo wata Asabar, na tarar da shi yana zaune a kan bonet yana cika baki, sai bakina ya riga hankalina.

"Ina da motar da ba ta da fistan ko ɗaya," na ce, "kuma za ta bar ka a baya."

Ya dube ni daga hula zuwa takalmi. "Malam, motar da ba ta da fistan ai amalanke ce."

Aka yi dariya, aka sa rana, wata guda daidai.

Oga Ishaya mutumin wajen Biu ne, dattijo a cocinsu, yana da gareji a bakin Hausari. Ya fi shekara talatin yana gyara wa Dokta motoci. Da muka jawo jar motar da igiya muka kawo, sai ya shafa gefenta kamar wanda ya ga tsohon aboki. Na bari ya gama, sannan na gaya masa ba tayarwa kawai nake so ba, ƙarfi nake so a ƙara mata, kuma ba tare da turbo ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Dokta ya sani?"

"Ya ce a gyara ta sosai," na ce.

"Sosai," ya maimaita.

Ya jawo benci ya zaunar da ni. Ya ce inji kamar mutum yake, ƙarfinsa a numfashi yake. In kana so ya ƙara ƙarfi ba tare da ka ɗura masa iska ba, to sai ka buɗe masa hanci. Za a kwance shi, a ɗan faɗaɗa ƙofofin da iska ke shiga, a goge su su yi santsi. A sa matatar iska mai sauƙin zuƙa. A gyara bututun hayaƙi ya daina shaƙe shi. A rage nauyin faifan ƙarfen da ke bayan injin don ya riƙa tashi da wuri. Sannan a riƙa zuba ɗan man ƙaramin janareta a cikin fetur, saboda 'yan ƙarafan da ke bakin kusurwoyin nan uku su samu maiƙo, don su ne ran injin.

"Amma ka ji wannan, Malam," ya ce. "Ƙarfin wannan motar a sama yake. A ƙasa kamar raguwa take. Sai allurar da ke nuna juyin inji ta hau sosai take farkawa."

Na ce na sani, a babi na shida na littafin da nake koyarwa yake.

Ranar da ya kwance injin, na zo na tarar an ja layi da alƙalamin maka a kewayen kowace ƙofa, iyakar inda za a ci da injin guga. Na duba na ga abin bai taka kara ya karya ba. Ni kuwa na shafe makonni ina kallon bidiyon Turawa a waya, motocinsu suna tsaye suna "burum, burum, burum" kamar ana daka, suna fitar da wuta ta baya. Na nuna masa, na ce a ninka faɗin.

Ya ɗauko sukundireba ya nuna mini wani rami kusa da layin. "Nan hanyar ruwan lagireto ce. In ka wuce layin nan, ruwa zai shiga inda wuta take. Daga nan sai dai ka yi shayi da ita."

Na tafi gida ina cewa a raina tsofaffin makanikai tsoro ya yi musu yawa.

Bayan mako uku motar ta tashi. Gaskiya Oga Ishaya ya iya aiki, don sautinta lafiya lau, kamar keken ɗinki sabo. Na riƙa yawo da ita a gari, amma irin tuƙina na malamin makaranta: allura na kaiwa uku in canza giya, in ga rami in yi salati in kauce. Sau biyu Oga Ishaya yana cewa in zo mu fita bayan gari tare ya nuna mini halinta. Na ce masa, cikin ladabi, abin da nake koyarwa ke nan shekara goma sha ɗaya.

Abu ɗaya ne ya dame ni, ba ta da amo. Motar Babagana in ta yi gurnani har a ƙirji kake ji. Tawa kuwa sai ka ce mai kunya. Don haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana gobe tsere, na zame na je wurin wani mai walda da bai san Oga Ishaya ba. Na sa ya yanke salansa gaba ɗaya, ya haɗa miƙaƙƙen bututu. Da na dawo gida na buɗe kafireto, na ɗauko allurar ɗinkin buhu na faɗaɗa ramukan mai, bisa hujjar cewa in an ƙara iska dole a ƙara abinci. Wannan shi ne aikin kanikanci na farko da na yi a rayuwata, kuma na yi alfahari da shi ƙwarai.

Ina tayar da ita awakin maƙwabta suka watse. Yagana ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Baban Zara, motar mahaifina ce take wannan kuka?"

Na ce mata ci gaba ne, kuma don Allah kar Baba ya ji labari sai na kawo masa nasara.

"Ni ba zan faɗa ba," ta ce. "Ita motar da kanta za ta faɗa. Daga nan har GRA ana jin ta."

Asabar da hantsi na isa Dusuman. Na aro hular kwano a wurin wani maƙwabcina da ya yi acaɓa kafin a hana babur a gari. Ta daɗe a rataye har zanzaro ya yi gida a ciki, sai da muka kakkaɓe. Ta kuma yi mini yawa, amma na ɗaure ta a haka. Filin ya cika fiye da kullum, kuma laifina ne, don na sanar a zauren waya na malaman makarantarmu, malamai suka gaya wa ɗalibai, ɗalibai suka gaya wa duniya. Ga masu rake, ga mai kunun aya da manyan kuloli biyu, ga motoci jere ana ta hura su.

Mai sanarwa ya miƙo mini lasifika ya ce in faɗi kalma biyu game da motar da ba ta da fistan. Ya yi kuskure. Na yi minti ashirin. Na yi bayanin samosa, na yi na ɓawon gyaɗa, na yi na ƙofofin iska (a nan na bar mutane suka ɗauka ni na goge su). Na rufe da wata magana da har yau ɗalibaina suke iya kawo ta kalma bayan kalma. Na ce, "Jama'a, babban abin da ke rage wa mota gudu shi ne tsoron direba. Wanda ya san inji ba ya tsoron inji."

Aka tafa.

Muka jera ni da Babagana. Wani ya tsaya a gabanmu da jan ƙyalle. Na taka kuloci, na sa giya ta ɗaya, na danna totur har ƙasa, abin da ban taɓa yi wa wata mota ba tun da na koyi tuƙi. Allura ta wuce uku, ta wuce huɗu, ta wuce biyar, ta shiga unguwar da ban taɓa zuwa ba. Ƙarar ta cika hular kwanon har haƙorana suna rawa. Ƙyalle ya sauka, na saki kuloci.

Ina so a rubuta wannan, don akwai shaidu: na wuce Babagana. Motar ta yi tsalle kamar an harbo ta, bayana ya manne da kujera, na ga baƙar motar tana komawa baya ta gefen idona. Na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba. Ya kai kamar daƙiƙa uku.

Sai wani abu ya fara kuka a cikin motar, daga bayan sitiyari. Wata siririyar ƙara ce mai tsinin gaske, "ƙiiiiii", ba tsayawa. Ban taɓa jin ta ba. Babu ita a babi na shida. A daidai lokacin na ji warin fetur, na ji zafi yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafata, sai zuciyata ta ce mini, ai ka ga abin da allurar buhu ta jawo. Na ɗauke ƙafata daga totur gaba ɗaya, lokaci guda.

Daga baya aka yi mini bayanin abin da ya faru. Man da na ƙara ya yi yawa, bai gama ƙonewa ba ya gangara cikin bututu mai zafi, ga shi babu salansar da za ta danne shi. Amma a lokacin abin da na ji kawai shi ne "dam", sannan wani "dam" da ya fi na farko, na kalli madubi na ga harshen wuta a bayana.

Ban san lokacin da na taka birki ba. Ban san yadda giya ta fita ba. Na dai san na buɗe ƙofa, na fito, na zuba da gudu ina salati da iyakar muryata.

Wanda bai zauna a Maiduguri ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Mu nan, abin da muka gani a shekarun baya ya koya mana cewa in ka ji ƙara irin wannan, kuma ka ga mutum yana gudu, ba a tsayawa tambaya. Filin nan gaba ɗaya ya watse. Malamai, ɗalibai, masu rake, kowa ya kama gabansa. Mai sanarwa ya jefar da lasifika a kunne. 'Yan sa-kai suka kwanta a ƙasa. Babagana da ke bayana ya karya kan motarsa ya hau titi ya nufi gari, bai ko waiwaya ba.

Ni kuwa gonar wake na shiga. Na tsallake kunya ɗaya, biyu, biyar, a ta shida ƙafata ta sarƙe na kifa. Hular kwanon ta juya ta rufe mini fuska. Na kwanta a haka cikin duhu, hannuwana a kan ƙeya, ina jiran motar surukina ta tashi sama.

Na jira. Na ƙara jira. Babu abin da nake ji sai "burum, burum, burum" daga nesa, a hankali, cikin natsuwa. Sautin nan da na daɗe ina nema, ga shi na samu.

Na gyara hular na ɗaga kai. Filin wayam, sai takalma warwatse da kula ɗaya a kife. Jar motar tana tsaye, ƙofa a buɗe, ko hayaƙi babu. Sai na hango mutum biyu suna takawa zuwa wurinta ba tare da sauri ba. Ɗaya sanye da shuɗiyar rigar aiki. Ɗayan kuma da farar babbar riga da hular zanna, yana dogara sanda. Na san tafiyar. Ya isa, ya sunkuya, ya zura hannu ya kashe makulli.

Na yi tunanin in ci gaba da kwanciya har magariba. Na yi tunanin in bi ta bayan gonar in nufi Dikwa in fara sabuwar rayuwa. A ƙarshe dai na tashi, na kakkaɓe ganyen wake, na kama hanya. Ban san na yi nisa haka ba. Kafin in iso mutane sun fara dawowa, kowa yana neman takalminsa, kuma duk wanda na wuce sai ya daina nema ya bi ni da ido.

Shugaban 'yan sa-kai ya tare ni, gabansa duk ƙasa. Ransa a ɓace yake, kuma yana da gaskiya. "Malam, ka san akwai tsofaffi a nan? Ka san akwai masu hawan jini? Wannan abin wasa ne a garin nan?" Mai kunun aya tana gefe tana kallon kularta, irin kallon da ya fi zagi ciwo. A nan dariyar ba ta zo wa kowa ba tukuna. Na cire hular kwano na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kuma na yi wa mai kunun abin da ya kamata. Dokta ya matso ya yi musu magana da Kanuri, a hankali, har na ga kafaɗun shugaban sun sauka. Allah ya taimake ni babu wanda ya ji ciwo, sai mataimakin shugaban makarantarmu da wandonsa ya yage a jikin ƙaya.

Sannan Dokta ya juyo gare ni.

"Wushe, Malam."

"Wushe, Baba." Na durƙusa.

"Ka ji ciwo?"

"A'a, Baba."

"To, alhamdulillahi. Ƙararrawar nan da ka ji, cewa take ka sa giya ta biyu."

Na sunkuyar da kai.

"Da ita aka ƙera motar," ya ce. "Injin ba ya girgiza kamar na sauran, mutum ba ya sanin ya kai ƙarshe. Shi ya sa suka sa mata abin tuni."

Na kalli Oga Ishaya. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Malam, tun ranar da ka kawo ta na kira Dokta. Shekara talatin ban taɓa kwance masa ko kusa ɗaya bai sani ba. Layin nan da ka ce ya yi kaɗan, ba ni na ja shi ba. Shi ya zo gareji da kansa ya ja." Ya zagaya bayan motar, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon bututun. "Wa ya yanke salansa?"

Kowa ya juyo ya kalle ni. Babu buƙatar amsa.

Aka kira Babagana a waya, aka same shi ya kusa shiga gari. Ya dawo yana ta rantsuwa cewa shi ba gudu ya yi ba, mai ya je sha. Zuwa lokacin tsoro ya sake mutane, dariya ta fara, irin wadda mutum yake yi har ya zauna a ƙasa. Wani ya ce ai ba a yi tsere ba, a sake. Aka ɗauka gaba ɗaya. Na buɗe baki zan ce motar tana buƙatar bincike, sai na ga Dokta yana tuɓe babbar rigarsa. Ya ninke ta da kyau ya ɗora mini a hannu, ya ɗora hularsa a kai, ya rataya mini sandar a gwiwar hannu. Ya shiga motar, ya ja kujera gaba, ya gyara madubi.

Mutumin da ya haura saba'in ke nan fa.

Ƙyalle ya sauka. Na ji allurar tana hawa a kunnena, na ji ƙararrawar ta fara kuka, kafin ta yi nisa ya sa ta biyu. Ta sake kuka, ya sa ta uku. Motar tana wani irin sauti siriri mai daɗi, ba kamar lokacin da take hannuna ba. Ya wuce tsamiya Babagana yana bayansa da tsawon mota biyu. Da ya zo tsayawa ya sassauta ƙafarsa a hankali, bututun ya yi 'yar tari sau ɗaya ya yi shiru.

Mai sanarwa ya samo lasifikarsa. "Jama'a, sakamakon yau. A rukunin mota, Dokta ne na ɗaya. A rukunin ƙafa kuma, Injiniya ya kafa tarihin da ba na jin za a karya shi bana."

A hanyar komawa shi ya tuƙa, ina gefensa da rigarsa a cinyata. Har muka shigo gari bai yi magana ba, ni ma karo na farko a rayuwata ban cika shirun ba. Muna kusa da GRA sai ya ce, "Mahaifiyar Yagana ta fi ni son jin ƙararrawar nan. In muka fita hanyar Bama sai ta ce, Kyari, ba ta yi kuka ba tukuna." Ya share gefen idonsa da babban yatsa. "Ka kyauta da ka fito da ita, ɗana. Amma ranar Litinin ka je ka nemo salansata."

A gida na tarar Yagana ta riga ta ga bidiyon (kala uku ne, daga kusurwa daban-daban, ɗaya har an sa masa kiɗa). Ta ajiye mini burabisko da miya. Ta juya baya tana gyara labule, kafaɗunta suna rawa. Ranar Litinin kuwa ina shiga aji na tarar an zana samosa a allo, da ƙafafu biyu dogaye, tana gudu. Zanen ya yi kyau ƙwarai, ma'auninsa daidai, har na so in ba da maki. Ina juya baya wani daga kujerun ƙarshe ya ce "ƙiiiiii" a hankali, aji ya kwashe.

Na nemo salansar a bolar mai walda, Oga Ishaya ya mayar da ita, ya kuma canza abin da na ɓata a kafireto. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai sa ni na kwanta a ƙarƙashin motar na ɗaure kusoshin da kaina, yana zaune a benci yana gaya mini wane gefe ake juyawa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ƙara wa inji ƙarfi abu ne da ake iya yi a gareji cikin mako uku, amma ya kamata mutum ya fara tambayar kansa ko zuciyarsa za ta iya zama a kujerar in ƙarfin ya zo. Kuma in za ka yi wa dattijo bayani a kan wani abu, fara tambaya tun yaushe abin yake gidansa.

Yanzu duk Asabar ɗin da Baba ya ji ƙarfin jikinsa muna zuwa Dusuman tare. Har an ba ni matsayi a tawagar, kuma ina riƙe da shi da gaskiya da amana. Oga Ishaya ke duba inji, Baba ke tuƙi, ni kuma nake riƙe hula.